Gwanjo Ya Fi Alkawari: Darasin Wadan Lambu ga Ƙasar Zoɓo

A watan Mayu na 2013, bikin nunin furanni na Chelsea da ke birnin Landan ya cika shekara 100, sai masu shirya shi suka yi abin da suka daɗe suna ƙi. Suka buɗe ƙofa ga wadan lambu, wato ɗan mutum-mutumin nan na yumɓu ko roba, gajere, mai farin gemu da jar hula mai tsini, wanda masu ƙaramin ƙarfi a Turai ke ajiyewa a gindin furanninsu. Shekara da shekaru dokar bikin ta hana shigo da shi. A waccan shekara aka raba irinsa ga fitattun mutane, ciki har da mawaƙi Elton John da ’yar wasan kwaikwayo Helen Mirren, kowa ya yi wa nasa fenti da ado, aka jera su jama’a suka kalla, sannan aka yi gwanjonsu a shafin eBay. Kuɗin ya tafi asusun koya wa yara aikin lambu a makarantu. Da bikin ya watse, haramcin ya koma inda yake.

Mutumin Gagarawa, ko na Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, yana iya jin wannan labari ya ce wasan masu ƙoshi ne, kuma ba zai yi laifi ba. Ƙasar da ke jiran ruwan sama wata uku zuwa huɗu a shekara ba ta da lokacin gardama a kan ɗan dodon yumɓu. Amma a cikin wasan akwai wata dabara ta tara kuɗin alheri wadda ta fi irin ƙaddamar da asusu da aka saba yi a ƙasar Hausa. A can, mai bayarwa yana biya kafin ya samu yabo. A nan, yabo yake fara karɓa, biya kuma sai yadda hali ya yi. Masarautar Gumel tana da furen da za ta gina irin wannan biki a kansa, tana kuma da buƙatar da ta isa a tara mata kuɗi.

Dodon da manya suka raina

A tatsuniyoyin Jamusawa da maƙwabtansu, waɗannan gajerun halittu suna zaune a ƙarƙashin ƙasa suna gadin ma’adinai da dukiya, kusan irin matsayin da gwaigwai ke da shi a labaran Hausa. Maginan tukwane na yankin Turingiya a Jamus, musamman na garin Gräfenroda, su suka shahara da ƙera siffarsu da yumɓu a ƙarni na 19. A 1847 wani basaraken Ingila, Sir Charles Isham, ya sayo guda 21 daga Jamus ya jera a lambun gidansa na Lamport Hall. Ɗaya ne kawai ya tsira har yau, ana kiransa Lampy.

Ashe ke nan abin ya fara ne a gidan manya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana’antu suka soma zuba shi da roba, ya yi arha, kowane ma’aikaci mai ɗan fili a ƙofar gida ya iya saye. Da ya shiga hannun kowa, sai masu faɗa a ji a harkar lambu suka ɗauke shi alamar rashin sanin ado. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila, RHS, wadda aka kafa a 1804 kuma take shirya bikin Chelsea tun 1913, ta sa shi cikin jerin abubuwan da ba a shigo da su, tare da balan-balan da tutoci, a kan cewa suna ɗauke hankali daga shuke-shuke. Masu sukar dokar kuwa sun daɗe suna cewa batun aji ne kawai aka lulluɓe da batun ado.

Wannan raini shi ya ba gwanjon 2013 daraja. Bikin Chelsea wuri ne na sarauta da attajirai. Ana yin sa kwana biyar a harabar gidan tsofaffin sojoji, iyalan sarautar Ingila suna halarta, sama da mutum 150,000 suna sayen tikiti mai tsada su shiga. Ganin abin da ake rainawa a tsakiyar wannan alfarma, da fentin hannun mutanen da duniya ta sani, ya ja hankalin jaridu fiye da yadda talla za ta yi. Babba ya ari girmansa ya ɗora a kan abin talaka, aka sayar da abin, ribar ta koma ga ’ya’yan talaka.

Yadda kuɗin yake tafiya

Idan aka ajiye raha a gefe, abin da ya rage tsari ne mai sauƙi. Na farko, fitaccen mutum ba kuɗi aka roƙe shi ba. An roƙe shi ɗan lokaci da hannu da suna, waɗanda yake bayarwa nan take, babu sauran bin bashi. Na biyu, mai saye ba ya ɗaukar kaya sai ya biya. Na uku, an ambaci wurin da kuɗin zai je tun kafin a fara, kuma wurin yana nan kafin bikin: shirin lambun makarantu na RHS ya soma aiki tun 2007, yana bai wa dubban makarantu horo da kayan koyarwa. Ita kanta RHS ƙungiyar agaji ce mai rajista, doka ta tilasta mata miƙa lissafinta kowace shekara ga hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kowa kuma yana iya karantawa a intanet.

Ingila ta daɗe da haɗa lambu da sadaka ta wannan hanya. A 1927 aka fara wani shiri da masu manyan lambuna ke buɗe su ga jama’a rana guda, kowa ya biya sule ɗaya ya shiga. A shekarar farko lambu 609 aka buɗe, aka tara sama da fam 8,000 don ma’aikatan jinya masu bin gida-gida. Shirin yana nan har yau, yana miƙa wa ƙungiyoyin jinya miliyoyin fam a shekara. Sule ɗaya ba ta sa a kira sunan mutum a lasifika, amma tana shiga akwati a ranar.

A 2022 kuma wasu masu hannu da shuni biyu da suka ɓoye sunayensu suka fara ɗaukar nauyin lambunan da ƙungiyoyin agaji ke nunawa a Chelsea, da sharaɗin a kwashe kowane lambu bayan biki a dasa shi inda zai yi amfani na dindindin. Lambun da ya zo na ɗaya a 2023 na wata ƙungiya ce mai gina lambuna a sassan jinyar masu ciwon laka, kuma an tsara shi ne don a mayar da shi cibiyar irin wannan jinya a birnin Sheffield. Biki na kwana biyar ya bar abin da majinyata za su zauna a inuwarsa shekaru.

Ƙaddamar da asusu a ƙasar Hausa

Ba a yi wa Bahaushe gorin kyauta. Zakka da waƙafi da gudummawar biki da gayya da adashi duk sun girmi kowace ƙungiyar agaji ta zamani. Gidauniyar Jihar Kano, wadda Alhaji Aminu Ɗantata yake cikin jagororinta a lokacin da Gumel take cikin tsohuwar Jihar Kano, ta nuna cewa ana iya tara dukiya mai yawa don ilimi da jarin ƙananan ’yan kasuwa. Bayan an ƙirƙiri Jigawa a 1991, an ga irin wannan hannu a lokutan masifa: a ambaliyar 2022, da kuma bayan fashewar tankar mai a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura, maƙwabciyar Gagarawa, a watan Oktoba na 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu. Gudummawa ta zo daga kusa da nesa.

Matsalar tana ga tsarin da ya zama ruwan dare wajen ayyukan da ba na gaggawa ba, irin su ginin aji, asusun ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko gyaran asibitin gari. Kowa ya san yadda ake yi. A kafa rumfuna, a ɗauko kujeru haya, a buga katin gayyata mai ɗauke da uban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa. Sanƙira ya kama lasifika. Babban mai ƙaddamarwa, ko wakilin da ya aiko, ya ambaci miliyoyi, a yi tafi, maroƙa su kwarara kirari. A ƙarshe a sanar da jimla wadda ta haɗa kuɗin hannu da caki da alkawari a dunƙule, gidan rediyo ya ɗauka da yamma.

Daga washegari aikin kwamiti ya koma bin bashin da ba shi da shaida sai tafi. Sakataren ƙungiya, wanda sau da yawa malamin makaranta ne ko ƙaramin ma’aikaci, shi zai yi ta zarya ƙofar mutumin da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, ana ce masa Alhaji ya yi tafiya. Ba shi da ikon matsawa, ba shi kuma da ikon fitowa ya faɗa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, amma a wannan tsari mai alkawarin ya riga ya sauke nasa a filin taro, domin abin da ya zo nema, wato suna, an ba shi cif-cif. Kayan yana kan wanda aka yi wa alkawarin.

Ɓarnar ba ta tsaya ga kuɗin da ba su zo ba. Jama’a sun ji jimla a rediyo, suna jiran ganin gini daidai da ita. Idan suka ga rabin katanga, sai zargi ya hau kan ’yan kwamiti, ko sun ci ko ba su ci ba. Mutumin kirki da ya ga haka ba zai yarda a sake sa shi a kwamiti ba. Talaka mai naira 500 kuma ya riga ya fahimci cewa taron ba nasa ba ne, tunda ba za a ambaci irin kuɗinsa bayan an ambaci miliyan ba. Ta haka ake rasa amana da masu riƙon amana da ƙananan masu bayarwa a lokaci guda.

Gwanjo yana juya wannan jeri. Ana yin tayi a bainar jama’a, wanda ya fi ya biya, alat ya shigo ko a ƙirga kuɗi, sannan a miƙa masa kaya a kira sunansa. Mai son yabo zai samu yabonsa, sai dai bayan ya biya. Jimlar da za a sanar da yamma ita ce ainihin abin da ke cikin asusu.

Furen da ke gonar kowa

Ba sai an shigo da fure daga wata ƙasa ba. Arewacin Jigawa yana cikin manyan wuraren noman zoɓo a Nijeriya, kuma jihar ce ake ambata a sahun gaba wajen samar da shi. Shukar tana jure ƙasar jigawa da ƙarancin ruwa. Da can a kan iyakar gonar gero ake yafa ta, yanzu kuwa ana ware mata gona sukutum. Furenta fari ne mai ratsin rawaya da jan ciki, ba ya daɗewa yake faɗuwa. Abin da ake sayarwa shi ne jan ƙoƙon da ke rungume da ’ya’yan bayan furen ya faɗi. Ganyen shi ne yakuwa, ’ya’yan su ne gurguzu da ake daddawar batso da su. Babu abin yarwa a jikinta.

Daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar zoɓo yana bin buhu zuwa kasuwanni irin na Maigatari, mai ci ranar Alhamis, da Gujungu, daga nan zuwa rumbunan ’yan kasuwa a Kano, sai tashar jirgin ruwa a Legas. Babbar mai saye ita ce Meziko, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda ake yi a nan. A Senegal ana ce masa bisab, a Masar da Sudan karkade. Meziko ta taɓa dakatar da sayen zoɓon Nijeriya na tsawon shekaru saboda ƙwaron ajiya da aka samu a cikin kaya, farashi ya karye, manoman da ba su taɓa jin sunan ƙasar ba suka ji a jikinsu. Tun daga lokacin kowa ya gane cewa tsabta da bushewa da launi su ne kuɗin zoɓo.

Wannan shi ne dalilin da zai sa nunin zoɓo ya wuce shagali. Mata da yara ne ke yawancin aikin ɓare ƙoƙon da shanya shi, kuma a hannunsu ake samun bambanci tsakanin kaya mai yashi da tsinke da kaya mai tsabta. Gasa a bainar jama’a, inda alƙalai daga cikin masu fitar da kaya da malaman gona za su nuna dalilin da ya sa wannan tiya ta fi waccan, za ta koyar da abin da takardar faɗakarwa ba ta koyar ba. Gani ya kori ji. Nunin amfanin gona kuma ba baƙo ba ne a Arewa, domin ko bikin kamun kifi na Argungu yana haɗawa da shi. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, wajen Disamba, sa’ad da zoɓo ya bushe kuma akwai ɗan kuɗi a hannun manomi.

Me za a yi gwanjonsa?

Ba mutum-mutumi ba. Al’ummar Musulmi ba za ta karɓi siffar mai rai a matsayin kayan ado ba, kuma babu dalilin tsokano wannan gardama. Abin da ake buƙata daga wadan lambu shi ne matsayinsa: abu mai arha, na hannun talaka, wanda mai kuɗi ya daina ajiyewa a falonsa. Irin wannan ya cika ƙasar Gumel. Akwai faifai da tabarma da malafa, akwai ƙwarya mai sassaƙa, akwai tulu da randa waɗanda bokitin roba ya kora daga gidajen birni, akwai fartanya daga maƙera.

A ce an sayi tulu 40 daga maginan yankin da kuɗin hannu, a kan farashin da suka faɗa. A raba wa mutanen da ake ji da su: hakimai, malaman jami’a ’yan asalin masarautar, likitoci, ’yan ƙwallo, taurarin fina-finan Hausa. Kowa ya sa hannu ko ya yi zane tare da ɗaliban wata makarantar firamare da za a rubuta sunanta a jikin tulun. Idan Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani II, ya amince ya sa wa guda ɗaya albarka da hannunsa, babu shakka ’yan kasuwar Maigatari da na Kano za su yi rububinsa. A haɗa da tiyar zoɓon da ta zo na ɗaya. Kamfanonin da ke fitar da zoɓo suna da dalilin kansu na tayawa da tsada, kamar yadda wani mai gidajen abinci a Tokyo ya biya yen miliyan 333.6 a kan kifi guda a gwanjon farkon shekarar 2019, yana sane da cewa sunan da zai samu ya fi kifin.

Mutanen da ke cin kasuwar Maigatari ba sa buƙatar a koya musu tayi da albarka da sallamawa. Dillalin kara da ya saba tsayawa tsakanin mai sa da mai saye zai iya riƙe gwanjo fiye da kowane sanƙira. ’Yan asalin yankin da ke aiki a Dutse da Kano da Abuja da Legas suna iya tayawa ta waya, su tura kuɗi nan take. Domin kada taron ya zama na masu miliyan kaɗai, a sa ɗan kuɗin shiga da kowa zai iya biya, irin sulen nan na 1927, a kuma tanadi ƙananan kaya, kamar dashen zogale da kofin zoɓo, a farashi tsayayye.

Aiki guda, mai suna

Asusun da aka ce na “ci gaban gari” ne ba a iya auna shi, saboda haka ba a iya tuhumarsa. Gagarawa, mai mutum sama da 80,000 a ƙidayar 2006, ta sha jin manyan alkawura, daga gonar rake mai dubban hekta wadda ta jawo taƙaddamar filaye zuwa unguwar masana’antu. Abin da zai farfaɗo da amana shi ne ƙaramin aiki da ido zai gani cikin shekara guda: lambu da inuwa a makarantun firamare guda biyar ko goma da aka ambaci sunayensu tun kafin gwanjo.

Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa a Nijeriya, kuma an daɗe ana bikin dashen itace a cikinta. Duk wanda ya bi sawun irin waɗannan dashe ya san abin da ke kashe su. Ana dasawa da damina, a ɗauki hoto, a watse. Rani ya zo, daga Oktoba har Mayu babu ɗigon ruwa, awaki suna yawo, makaranta ta tafi hutu. Dashe shi ne mafi arha a cikin lissafin. Kuɗin yana ga shinge, da ruwa, da ɗan alawus na wanda zai kula da wurin a lokacin hutu, kuma waɗannan su ne abubuwan da ba a cika samun mai ɗaukar nauyinsu ba, domin ba a rubuta sunan kowa a jikin shinge.

A tsallaken iyakar Maigatari akwai darasin da zai rage tsadar aikin. Tun daga shekarun 1980 manoman jihohin Maradi da Damagaram a Nijar suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga kututturen gawo da sauran itatuwa, a zaɓi mai ƙarfi a rage sauran, maimakon a sare duka. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hanyar ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai kimanin hekta miliyan 5. Lambun makaranta shi ne wurin da ya dace yaro ya koyi wannan, tare da renon zogale da darbejiya da kuka, da shuka layin yakuwa wanda ajinsa zai kai gasar baɗi. Da haka bikin zai riƙa ciyar da kansa: zoɓon yaran bana ya zama kayan gwanjon shekara mai zuwa.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce gwanjo a bainar jama’a ƙofar riya ce. Haɗarin gaskiya ne, amma ƙaddamar da asusu ya fi shi buɗe wannan ƙofa, tunda a can ana iya samun yabo a kan abin da ba a bayar ba. Suratul Baƙara ta yaba wa sadakar bayyane, ta kuma fifita ta ɓoye, kuma gwanjo yana da wurin duka biyu, domin mutum yana iya tayawa ta hannun wakili ya ɓoye sunansa. Mafi yawan malamai sun halatta cinikin wa-zai-ƙara. Akwai ruwaya a littattafan Sunan, wadda malaman hadisi suka yi magana a kan ƙarfin isnadinta, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gwanjon shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci, tayi ya tashi daga dirhami ɗaya zuwa biyu, ya umarce shi ya sayi abinci da ɗaya, gatari da ɗayan. Abin da shari’a ta hana ƙarara shi ne najashi, wato tayin ƙarya don a ruɗi wani ya ƙara. Dole kwamiti ya haramta shi a rubuce: duk wanda ya taya, idan kaya ya faɗo masa, zai biya kafin ya tashi.

Za a ce gyaran makaranta aikin gwamnati ne, kuma kuɗin tulu ba zai gina aji ba. Haka ne, kuma shi ya sa bai kamata asusun ya taɓa gini ko albashi ba. Ya tsaya a kan shinge da ruwa da kulawar hutu, waɗanda kasafin ƙaramar hukuma ba ya kaiwa gare su. Gwanjon Chelsea ma bai ɗauke wa gwamnatin Ingila nauyin makarantunta ba.

Za a ce ’yan siyasa za su ƙwace taron. Wannan ne haɗari mafi girma. Kenya ta ga yadda al’adarta ta tara kuɗin gayya, harambe, ta rikiɗe ta zama dandalin nuna dukiyar da ba a san asalinta ba, har a watan Yuli na 2024 Shugaba William Ruto ya sanar da hana jami’an gwamnati shiga irin waɗannan taruka. Maganin yana cikin ƙa’idojin da za a kafa tun farko. Kada a yi jawabin baƙi. Kada a karɓi alkawari ko caki. Ɗan siyasa ya taya kamar kowa, ya biya kamar kowa. Ƙungiyar ta yi rajistar amintattu a hukumar CAC, asusun banki ya kasance mai sa hannun mutum uku, ciki har da wakiliyar mata masu aikin zoɓo da wakilin malaman makaranta. Cikin mako guda a manna jerin kowane kaya da farashinsa a ƙofar sakatariya da bangon kowace makarantar da abin ya shafa, a karanta shi a rediyo. Bikin shekara ta biyu ya buɗe da ƙirga itatuwan da suka rayu, makaranta bayan makaranta, kafin a ɗaga tulu na farko.

Ba za a tara abin da ake ambatawa a manyan tarukan ƙaddamarwa ba, aƙalla a shekarun farko. Mai yiwuwa jimlar ta zama ƙarama har a ji kunyar faɗinta. Amma maginin tukwane zai koma gida da kuɗin tulunsa, matar da zoɓonta ya zo na ɗaya za ta ji an kira sunan ƙauyenta a gaban masu fitar da kaya, sakataren ƙungiya kuma ba zai je ƙofar kowa washegari ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana da malaman aikin gona, masarauta tana da hakimai a kowace gunduma, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna da lambobin wayar ’yan uwansu na birni. Duk wanda zai fara, Disamba ce lokacinsa, kuma tun da damina ya kamata a yi wa magina odar tulu.